Kayan ɗakin kakata: yaya zan jera su a falo ba su lalace ba?

Maman Sadiya, Zariya:
Assalamu alaikum jama'a. Wata uku ke nan da rasuwar kakata, Allah ya jiƙanta. Ranar da aka kwashe ɗakinta kowa ya tafi da atamfofi da akwatuna, sauran aka tara a bayan ƙyaure za a ba ƴan gwangwan. Zuciyata ta kasa. Na kwaso turminta da taɓarya, akushi biyu, ƙwarya mai zane da ta tsage a baki, langa huɗu na jeren aurenta, tasar tagulla ɗaya, da dutsen guga na gawayi mai zakara a ka. A cikin akushin nan muka ci tuwon dawa da miyar kuka muna yara, mu shida a zagaye. So nake in jera su a falo inda ƴaƴana za su riƙa gani. Sai dai turmin yana zubar da gari kamar ƙwaro na ci, tasar kuma ta yi baƙi ƙirin. Kafinta ya ce in kawo ya shafe duka da banis. In bayar?

Baba Masassaƙi, Kano:
Wa alaikumus salam ƴata, Allah ya gafarta mata. Kada ki bayar. Santsin da ke bakin turmin nan hannu ne ya yi shi shekara da shekaru, banis zai binne shi ya koma kamar kayan kanti. Garin da kike gani ƙwaro ne a ciki. Ki ɗaure turmin cikin baƙar leda ki ajiye a rana kwana uku zuwa huɗu, zafi zai kashe shi. Bayan nan ki goge, ki murza masa man kaɗanya kaɗan-kaɗan da tsumma har ya sha. Wasu na ɗura kalanzir a ramukan, amma in kin yi haka ya tashi daga turmin abinci har abada. Ki ɗaga shi ki ji: in yana da nauyi sosai, cikinsa ja-ja, mai yiwuwa ƙirya ce, kuma ƙwaron bai wuce bayansa ba. Kada ya zauna a kan siminti mai danshi, saboda gara. Akushi kuwa ban da rana, tsagewa zai yi. Ƙwaryar ki nemi gyartai ranar kasuwa ya ɗinke miki. Ɗinkin ma ado ne.

Hajiyar Katsina:
Allah sarki, kin tuna min da ɗakin innata. Tasa ba ta da wuya: jiƙa tsamiya, ki haɗa da toka mai laushi ki cuɗa, ki ɗauraye ki shanya nan take. Langa ban da soson waya, yana kankare furen, kuma duk inda ta ɓantare tsatsa ke shiga, sai ki ɗiga mai a wurin. In za ki jera, ki yi yadda iyayenmu ke yi, babba a ƙasa ƙarami a sama, faifai a jingine a bayansu. Turmin ki kife shi a kusurwa ki ɗora ƙwaryar a kai. Dutsen guga kuwa ni nawa kaskon turaren wuta na mayar da shi. Garwashi biyu, ki barbaɗa turare ki rufe, hayaƙin na fita ta ƙofofin gefe. Ki dai sa masa tayil a ƙasa, kuma nesa da yara.

Malam na Tudun Wada:
Hajiya Maman Sadiya, ba don in katse hanzari ba. Kayan mamaci ko allura ce haƙƙin magada ne. Tunda ke jika ce, ki sanar da ƴaƴanta su ce sun bar miki da bakinsu, ko ki biya kuɗinsu a sa cikin rabo.

Maman Sadiya, Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, wallahi hankalina bai kai nan ba. Yanzu na kira Kawu da Gwaggo, duk sun ce sun bar min, sai dai Gwaggo ta roƙi akushi ɗaya, da kuka ta yi maganar. Ranar Juma'a zan kai mata. Baba, turmin yana cikin leda a tsakar gida tun hantsi.