Muhawara: a toshe hujin ƙasan fitilar babur ko a bar shi?

Ɗan achaba, Funtua: Salamu alaikum 'yan uwa. Damina ta kankama, ga shawarata ga duk mai babur. Ka sayi silikon ka bi fitilar gaba da danja da siginoni huɗun nan, ka shafe duk wata kafa. Har ɗan hujin nan da ke ƙarƙashin sigina kada ka bari, domin ta nan ruwa yake shiga. Haka na yi wa Boxer ɗina tun ruwan farko. Inda babu ƙofa, ta ina ruwa zai bi?

Makaniken babur, Katsina: Wa alaikumus salam. Ƙanena, don Allah kada ka ɗora mutane a kan wannan hanya. Hujin da ka toshe ba kuskuren kamfani ba ne, da gangan aka yi shi, kuma hanyar fitar ruwa ce. Ka lura a ƙasa yake, ba a sama ba. Duk damina sai an kawo mini babura da siginar da aka shafe da gam, in ka girgiza ta ka ji ruwa yana ƙara a ciki, ya kai rabin gilashi. Ruwan ya samu hanyar shiga, hanyar fita kuma mai babur ya rufe ta da hannunsa.

Ɗan achaba, Funtua: To Oga, in na rufe ko'ina, ta ina ya shiga? Ga amsar da nake nema.

Makaniken babur, Katsina: Ta inda waya ta shiga. Ta jikin sukurori. Ta bakin robar da ke bayan ƙwai, wadda rana ta riga ta busar ta tsage. Kuma babur ba ajiye yake ba, kullum yana cikin jijjiga da ramuka, silikon ɗin zai ɗaye a wani gefe ba tare da ka gani ba.

Malamin kimiyya, Zariya: Bari in ƙara a kan maganar maigida, domin ko da babu tsaga ko ɗaya da ido zai gani, akwai abin da ke jawo ruwan ciki. Ƙwan fitilar gaba na irin waɗannan babura yawanci wat 35 ne, kuma mafi yawan wutar da yake sha zafi take komawa. Iskar da ke cikin fitila sai ta yi zafi ta kumbura, wani ɓangarenta ya fita ta duk inda ya samu. Kana tafe sai ruwan sama ya sauko a kan gilashin, iskar ta huce nan take ta takure. In a rufe take ruf, saukowa daga digiri 60 zuwa 25 yana rage matsin iskar ciki da kusan kashi 10 cikin 100. A lokacin fitilar tsotso take yi. Duk ɗigon da ke kwance a bakin roba ko jikin waya sai ta zuƙe shi ciki. Hujin numfashi shi ke hana wannan tsotson, saboda iska tana samun hanya mai sauƙi, ba sai ta bi ta inda ruwa yake ba.

Sannan akwai ruwan da bai taɓa shiga a matsayin ruwa ba. Iska mai zafin digiri 30 tana iya ɗaukar tururi kusan giram 30 a kowace mita kubik, wato wuri mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, amma a digiri 15 bai fi giram 13 take iya riƙewa ba. Ragowar sai ya sauka a kan abin da ya fi sanyi, wato gilashi. Shi ne gumin da kuke gani da asuba. Kamar butar ƙarfe ce da aka zuba wa ruwan sanyi ta yi raɓa a jikinta, alhali ba ta yoyo. Ranar da ka shafa silikon a watan Agusta, iskar Agusta mai laima ka kulle a ciki.

Ɗan kabu-kabu, Maraɗi: Malam, bayaninka ya shiga, amma ku duka damina kawai kuke kallo. Damina wata nawa ce a wurinmu? Sauran shekara ƙura ce. In hunturu ya shigo, hazo yana bi ta hujin nan ya kwanta a kan madubin cikin fitila. Madubin nan kuma ba ya son shafa, ka goge shi da tsumma sau ɗaya sai ƙyallin ya tafi. Ni a ganina illar ƙura ta fi ta gumi, domin gumi yana bushewa, ƙura kuwa sai dai ta ƙaru. Ina tare da mutumin Funtua, ko da dalilinmu ya bambanta.

Makaniken babur, Katsina: Wannan magana ce mai nauyi, ban musa ba. Amma je ka duba bayan fitilar gaba mai kyau. Ba huji ba ne kawai a buɗe. Za ka ga ɗan bututun roba a lanƙwashe yana kallon ƙasa, ko wata 'yar hanya mai kwana-kwana da aka ƙera a jikin robar, wasu har da ɗan soso a baki. Iska tana iya yin kwana, ɗigon ruwa da yawancin ƙura ba sa iyawa. Fitilun da nake gani sun cika da ƙura, kusan kullum sai in tarar robar bayan ƙwai ce babu. An canja ƙwai a bakin hanya, yaro ya manta bai mayar ba, ko ya ga ta yi wuyar shiga ya jefar.

Rewaya, Kano: Ni abin da ya fi damuna ba gilashi ba ne, soket ne. Ku buɗe danjar da ruwa ya kwana a ciki sati biyu ku gani. Tagullar da ƙwai yake zama a kai ta koma kore-kore, sifirin ɗin ya yi tsatsa, ƙwan ya manne sai an murɗa da filaya, gilashinsa ya fashe a hannu ya bar gindin a ciki. Daga nan sai ka ga an taka birki sigina ta kama, ko fiyus yana ta yankewa, mai babur ya ce batir ne. Kuma akwai abin da mutane ba su sani ba game da silikon ɗin kansa. Irin mai arahar nan da ke warin tsami in ana shafawa, yana fitar da asid yayin da yake bushewa, asid ɗin kuma yana cin tagulla. Ka shafa shi ka rufe ko'ina, ka kulle wannan tururin tare da wayoyinka.

Mai sayar da kayan babur, Sakkwato: Alhamdu lillahi an zo wurin. Wani abu ɗaya da nake gani kullum a shago. Akwai siginonin da ake yi da ta dama da ta hagu daban, kowace da hujinta a ƙasa. In aka ɗaura ta dama a hagu, hujin sai ya koma sama. To a nan kam maganar ɗan uwanmu na Funtua ta tabbata, ta hujin ruwa yake shiga, har ya cika. Amma maganin shi ne a sauya musu gefe. Kafin ka ɗaure noti, ka sa yatsa ka laluba ƙasan siginar ka ji hujin.

Ɗan achaba, Funtua: Alhaji, nawa a ƙasa suke, na duba. Amma ku ba ku bi hanyoyin da muke bi. In aka yi ruwa mai ƙarfi akwai rafin da nake ratsawa da fasinja, ruwa yana kai wa har kusan danja. A nan hujin ƙasa ba ƙofa ba ne? Kuma ai ana sayar da fitilun LED da aka rubuta musu IP67, a rufe suke gaba ɗaya. In rufewa laifi ce, me ya sa su suke yi?

Malamin kimiyya, Zariya: Tambaya mai kyau. IP67 ma'auni ne na ƙasa da ƙasa, ma'anarsa ƙura ba ta shiga, kuma abin zai jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Amma yadda suke cim ma hakan daban ne da shafa gam a bakin gilashi. Wasu ana cika cikinsu da wani ƙaro mai daskarewa, har babu sauran iskar da za ta kumbura ko ta takure. Wasu kuma in ka juya bayansu za ka ga ɗan faci zagayayye. Wata fata ce mai ƙananan kafofi da tururi da iska ke ratsawa amma ɗigon ruwa ba ya iyawa. Ke nan su ma suna numfashi. Maganar rafi kuwa gaskiyarka, in danja ta nutse ruwa zai iya shiga ta ƙasa. Sai dai kana hawowa tudu zai zube ta inda ya shiga.

Rewaya, Kano: A ƙara da wannan ga masu cire ƙwan asali su sa na LED a tsohuwar fitila. Tsohon ƙwan yana gasa gilashin, kana tafiya kaɗan gumin ya bushe. Na LED zafinsa ta baya yake fita, gaban ba ya ɗumi sosai, don haka gumi yana daɗewa. Wanda ya sa LED ya fi kowa bukatar hujinsa a buɗe.

Ɗan kabu-kabu, Maraɗi: To ni zan raba. Da damina a buɗe, in hunturu ya zo zan liƙa ɗan soso a bakin hujin, ba gam ba.

Ɗan achaba, Funtua: Siginoni zan buɗe, na ji hujjarku. Danja kuwa ina nan a kan bakana har rafin nan ya janye.

Makaniken babur, Katsina: In haka ne, ƙanena, kowace Juma'a ka kwance sukurori biyun nan na gilashin danjar, ka zubar da abin da ya taru, ka bar ta a rana ta bushe kafin ka mayar, ka ɗan shafa giris a soket. Siginonin kuma in ka ɓare silikon ɗin, ka zura tsinken tsintsiya a hujin, domin laka da zanzaro ma suna toshe shi ba tare da kowa ya sa su ba. Kuma ka gaya wa masu wankin babur kada su saita injin feshi a kan fitila tana da zafi.