Waƙafi kafin "and": kuskure ne ko ƙa'ida?

Malam Bala: Assalamu alaikum. Ni fa har yanzu ina kan bakana, ba a sa waƙafi kafin "and" a Turanci. Haka nake koya wa 'yan ajina. Kalmar ta riga ta haɗa zance, me waƙafi zai ƙara?

Malama Hadiza: Wa'alaikumus salam. Malam, a gafarce ni, sai an duba abin da ya biyo bayan "and" ɗin. In jimla ce mai tsayuwa da ƙafarta, ga aikau ga aikatau, ana sa waƙafi. Karanta wannan: "Musa slaughtered the goat and Amina lit the fire." Kafin idonka ya kai "lit" ka ɗauka har Amina aka yanka. Waƙafi bayan "goat" ke raba gardamar. Amma "Musa slaughtered the goat and lit the fire" ba ya bukata, tunda mai aikin ɗaya ne. Haka abin yake ga dukkan kalmomin haɗa zance guda bakwai: for, and, nor, but, or, yet, so.

Malam Bala: To a jeri fa? "Rice, beans and oil." Nan ma za ki cusa?

Malam Isiyaku: Nan kana da hujja. Salon kamfanin dillancin labarai na AP ba ya sa shi, maɗaba'ar Jami'ar Oxford kuma tana sawa. Sai dai rashinsa ya taɓa jawo asara. A jihar Maine ta Amurka, direbobin kamfanin madara na Oakhurst sun yi ƙara kan kuɗin aikin wuce lokaci. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta ce rashin waƙafi kafin "or" a dokar jihar ya sa ma'anar ta rabu biyu, ta goyi bayan direbobin. A 2018 aka sasanta kan dala miliyan 5.

Malama Rabi: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya "because" ne. Yara suna maƙala masa waƙafi ko'ina, ga WAEC tana rage maki kan alamomin rubutu.

Malama Hadiza: Shi da "if" da "when" dokarsu daban. In sun buɗe jimla, waƙafi na zuwa a ƙarshen ɓangarensu: "Because it rained, we stayed home." In sun zo daga baya, galibi babu. A kula da jimlar korewa kawai, wato mai ɗauke da "not". "He didn't resign, because he was afraid" na nufin bai ajiye aiki ba, tsoro ya hana shi. Cire waƙafin, sai a iya fahimtar ya ajiye, amma ba don tsoro ba.

Malam Bala: Na Musa da akuya na karɓa, Malama. Amma gajeru irin "She sang and he danced" ba zan ja wa yaro jan biro a kansu ba.

Malama Hadiza: Ni ma ba zan ja ba, littattafan salo da dama sun yarda a bar shi a nan. Amma ɗan aji uku ba ya gane inda gajarta ta ƙare, don haka ni cewa nake su sa.