Randuna na fashewa a wajen gashi, ina matsalar take?

Sabuwar maginiya:
Assalamu alaikum. Da yumɓun bakin Gulbin Maradi nake gini. Kasko da ƙananan tukwane na fitowa lafiya, amma randa da tulu sai gindi ya tsage, wasu ma su yi bindiga cikin wuta. Laifin ƙasar ne ko na gashin?

Inna mai randa:
Wa alaikumus salam, 'yata. Bindiga daban, tsagewa daban. Wadda ta yi bindiga ba ta gama bushewa ba: gindi ya fi baki kauri, ruwan da ya maƙale ciki ya zama tururi, ya rasa mafita. Kafa ta a kuncinki, in kin ji sanyi, da saura.

Tsagewa kuwa daga yumɓun ne. Na fadama maiƙo gare shi, yana tsukewa sosai. Ki yi ɗan bulo, ki ja masa layi na santimita 10, ki bar shi a inuwa. In layin bai kai 9 ba bayan ya bushe, yana son a gauraya shi da tsingaro. Ki daka tsingaron tsoffin tukwane, ki tankaɗe, kwano 1 cikin kwano 3 na yumɓu, ki cuɗa da ƙafa har ya haɗe. Randar ruwa ana sa mata ɗan ƙaiƙayin gero. Yana ƙonewa ya bar ƙofofin da take tsattsafowa, ruwa ya yi sanyi. In ya yi yawa sai ta yi rauni. Da hunturu ki rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma, in ya ɗan yi ƙarfi ki kife ta, gindi ya sha iska.

Malamin fasaha:
Gaskiyar Inna. Ƙari kawai, ƙanwata: kada a afka wa randa da babbar wuta. A fara kunna 'yan karare a cikinta har ta yi zafin da hannu ba ya jurewa, sannan a jera, a lulluɓe da busasshen kashin shanu da tsingaro. Wajen digiri 573 na ma'aunin Celsius yashin da ke cikin yumɓu yakan kumbura farat ɗaya, in ana hucewa kuma ya koma. Shi ya sa janyo ta cikin iska da sauri ke tsaga ta. A kuma duba fararen tsakuwoyi cikin yumɓu kafin gini. Ɗiga musu ruwan lemun tsami, in sun yi kumfa a tsince su, don bayan gashi sukan sha danshi su ɓantare jikin tukunya.

Ma'aikaciyar lafiya:
Dakan tsingaro da sharar busasshen yumɓu su ne abin tsoro. Ƙurar tana zama a huhu, ba ta fita, kuma mayafi ba ya tare ta. A yayyafa ruwa kafin daka da shara, a kore yara daga wurin. Ban da taya da leda a wutar gashi. Masu neman ƙyalli da dalmar tsohon batir su bari: tsamiya da yakuwa na narkar da ita cikin miya. Dalma ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, daga ƙurar dutsen zinariya.

Sabuwar maginiya:
Na gode. To ƙyallin fa, Inna?

Inna mai randa:
Shafa jar ƙasa, ki goge da santsin dutse tun tana da ɗan danshi. In baƙi kike so, yayyafa mata ruwan bagaruwa bayan gashi, tun tana da zafi, ki kau da fuska daga tururin.