Neman shawara: bayanin SIGNAL a littafin gfortran ya yi kaɗan, me ya kamata a ƙara?

Assalamu alaikum malamai. Ina da shirin Fortran mai dogon lissafi da nake haɗawa da gfortran, wato kwamfailan Fortran na GNU (mai juya rubutun shiri zuwa harshen inji), ina so idan aka aiko masa da sigina ta 10 a Linux (sigina saƙo ne mai lamba da tsarin aiki ke isar wa shiri yana cikin tafiya) ya adana inda ya tsaya kafin ya fita. Na sa `call signal(10, mai_karba)`, shi kuma `mai_karba`, subroutine ɗin da za a kira idan siginar ta zo, na ba shi `integer :: lamba`, a ciki yana buga lambar. Da na aika siginar ta 10 da `kill -USR1`, sai shirin ya faɗi da saƙon SIGSEGV. Bayanin da ke tsohon littafin gfortran ɗin da nake da shi cewa kawai ya yi za a kira mai karɓar da lamba ɗaya, misalin ma bai nuna yadda ake rubuta shi ba. Ina matsalar take? Kuma idan mutum zai gyara wannan shafi don na baya su huta, me da me zai sa?

Amsa ta 1

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kalma ɗaya ce ta kayar da kai: `value`. Rubuta `integer(c_int), value :: lamba`, tare da `use iso_c_binding`.

Dalili kuwa, SIGNAL ta gfortran miƙa aikin take yi ga `signal` ta C, kuma tsarin aiki yana kiran mai karɓa ne irin kiran C, ya ba shi lambar kanta. Fortran kuma bisa al'ada adireshin abu take jira, ba abin ba. To an ba shi 10, shi kuma ya ɗauka 10 ɗin adireshi ne, ya je zai karanta abin da ke can, wurin da ba shi da izinin taɓawa. Nan take sigina ta 11, wato SIGSEGV ɗin da ka gani, ta sauko. Shi ya sa wanda bai taɓa lambar ba a cikin mai karɓarsa zai ga komai lafiya, kuskuren na nan kwance. `value` ta shigo ne a Fortran 2003, SIGNAL kuwa gado ce tun zamanin g77, tsohon kwamfailan da gfortran ya gada. Saboda haka jimlar farko a gyaran ita ce ta faɗi ƙarara cewa lambar ake miƙawa, ba adireshinta ba.

Amsa ta 2

Haka ne Malam, amma ko ya sa `value` akwai sauran aiki, domin `print` a cikin mai karɓa ganganci ne. Sigina ba ta sallama. Tana iya riskar shirin yana tsakiyar `write` a kan tashar da `print` ke rubutu a kai, libgfortran (tarin ayyukan da gfortran ke haɗa wa shiri) ya riga ya kulle ta, mai karɓa ya zo shi ma yana neman ta. Sai shirin ya sandare ko ya fita da ƙorafin rubutu cikin rubutu. Haka `allocate` da buɗe fayil. Abin haushin shi ne za ka gwada sau da yawa ba ka gani ba, sai ranar da aikin ya yi kwana biyu yana tafiya.

Mai karɓa ya ɗaga tuta kawai ya koma:

```
module sigina
  use iso_c_binding
  integer(c_int), volatile :: tuta = 0
contains
  subroutine mai_karba(lamba)
    integer(c_int), value :: lamba
    tuta = lamba
  end subroutine
end module
```

Babban zagayen lissafi shi zai riƙa duba `tuta` a ƙarshen kowane mataki, idan ba sifili ba ce ya rubuta fayil ɗin ajiya ya tsaya. Kada a bar `volatile`. Da `-O2`, zaɓin ƙara wa shiri sauri, kwamfaila na iya ganin babu inda ake canja tutar a cikin zagayen, ya karanta ta sau ɗaya ya riƙe, sigina ta zo ta wuce shirin bai sani ba. A sa mai karɓar a cikin `module` kamar haka, ba a ƙarƙashin `contains` na babban shiri ba. Irin wannan misalin ya kamata littafin ya ɗauka, don yawancin mutane misali suke kwafa, ba sa karanta bayani.

Amsa ta 3

A ƙara gargaɗi kan lambobin. 10 ita ce SIGUSR1 a Linux na x86, 12 kuma SIGUSR2, amma a macOS su ne 30 da 31, 10 a can SIGBUS ce. Fortran ba ta ganin sunayen da ke `signal.h`, sai dai ka duba da `kill -l` a kan injin da za ka yi aikin. SIGINT 2 da SIGTERM 15 ba su canjawa tsakanin biyun. SIGKILL da SIGSTOP kuwa ba a tare su ko kaɗan.

Mai tambaya

Na gode, Allah ya ƙara basira. Na ga kuma ana iya ba da lamba a madadin mai karɓa, kamar `call signal(10, 1)`. Me 1 ɗin ke nufi? Shi kuma `status`, abu na uku da ake iya ba `signal`, zan iya mayar da tsohon mai karɓa da shi?

Amsa ta 1 ta dawo

A Linux, 1 na nufin a yi watsi da siginar, 0 kuma a koma ga abin da tsarin ya saba yi. Ƙimomin SIG_IGN da SIG_DFL ne na C, ya dace shafin ya ambace su da suna.

`status` kuwa kada ka dogara da shi. Abin da `signal` ta C ke mayarwa adireshin tsohon mai karɓa ne, mai bit 64 a injinan yanzu, ana cusa shi cikin lamba mai bit 32, sai ya guntule. Idan kana bukatar mayar da tsohon, rubuta `interface` da `bind(c)` zuwa `signal` kai tsaye, ka miƙa `c_funloc(mai_karba)`, ka karɓi amsar a `type(c_funptr)`, mai karɓar shi ma ya zama `bind(c)`. Wannan hanyar ce ke aiki a wasu kwamfailoli, domin SIGNAL ba ta cikin ƙa'idar Fortran, ƙari ce ta GNU. Da `-std=f2008` ma gfortran ba zai gane ta ba sai an haɗa da `-fall-intrinsics`.

Amsa ta 4

Abu ɗaya da ba a taɓo ba: idan babban shirin Fortran ne, libgfortran na kafa nasa masu karɓa tun farko a kan irin su SIGSEGV, SIGFPE da SIGXCPU, don ya nuna inda aka faɗi. Ka kafa naka a kan ɗaya daga ciki, ka ture nasa ke nan, wannan bayanin ya ɓace. Ana kashe nasa da `-fno-backtrace`.

Game da gyaran, shafin yana cikin `gcc/fortran/intrinsic.texi`, an rubuta shi da Texinfo, tsarin rubuta littattafan GNU. Fara duba sabon fitowar GCC, tarin kwamfailolin GNU da gfortran ke ciki, tukuna, kada ka gyara abin da an riga an gyara. Misalin da za ka sa kuma ka haɗa shi da `-O0` da `-O2`, ka aika masa siginar daga wata taga da `kill -USR1` da lambar shirin da ke tafiya (PID), ka tabbata ya fita lafiya a duka biyun. Idan a ƙarƙashin Slurm, mai tsara layin ayyuka a manyan kwamfutoci, za a yi aikin, `--signal=USR1@120` na aiko da siginar kusan daƙiƙa 120 kafin lokaci ya cika, don haka mataki ɗaya na zagayen da rubuta fayil ɗin ajiya su kasance ba su kai haka ba.