Tsibiran Wata: Uku Ne Ko Huɗu?

Mai Alƙalami, Zariya

Assalamu alaikum 'yan zaure. Maudu'in makon nan daga Tekun Indiya na ɗauko shi, tsakanin Mozambik da Madagaska: tsibiran Komoro, waɗanda Larabawa ke kira Juzurul Ƙamar. Tutarsu taurari huɗu gare ta, amma uku gwamnatin Moroni, babban birnin ƙasar, ke mulki. Na huɗun, Maore, wanda Faransawa ke ce wa Mayot, yana hannun Faransa. Babban amsa-amonmu "wa" ne, kowa ya riƙe.

Bismillahi na ɗau alƙalami,
Ya Rabbi ka ba ni hasken ilimi,
In tambayi zaure, in jira malami,
Kan tsibiran da ake ta rabawa.

Ngazija ga ta da dutsen Kartala,
Nzuwani mai kanumfari da wahala,
Mwali ƙarama, kunkuru na walwala,
Maore ta huɗu, a kanta ake musawa.

Shafi'iyya suke bi baki ɗaya,
Ɗan Nzuwani da na Maore, harshe kusan ɗaya,
To wa ya ja layi a ruwa ya dasa ƙaya?
Ina iyakar Komoro take tsayawa?

Ɗan Tsangaya, Gusau

Wa alaikumus salam, Malam. Ni dai huɗu na sani.

Malam ka tambaya, ga amsa tafe:
Disambar 1974 aka fito tun safe,
Kusan kashi 95 suka ce a rufe
Babin zama ƙarƙashin Faransawa.

Tambaya guda aka yi wa ƙasa guda,
Da sakamako ya fito Faris ta sauya ƙa'ida,
Ta ware Maore ta mai da ita gida,
Ukun da suka saura ta yi sallamawa.

Shugaba Ahmad Abdallah ya ƙi jiran izini,
6 ga Yuli, 1975, na 'yancin kai ya yi bayani,
Ɗinkin Duniya ta karɓe su a wannan zamani,
Da sunan huɗu, a rubuce, babu ragewa.

Uwargida, Kaduna

Ƙanena Ɗan Tsangaya, ka ƙirga ƙuri'a, amma ba ka saurari matan Maore ba.

Ƙanena ka yi lissafi daidai,
Sai dai ka bar wani gefe shi kaɗai,
Mutanen Maore ba duwatsu ba ne dai,
Suna da baki, sun kuma yi faɗawa.

Sarkin Maore, a shekarar 1841,
Ya sa hannu, Faransa ta sami hanya,
Sauran sai 1886 suka biyo baya,
Shekara 45 tsakani, abin dubawa.

Fadar mulki a Zawudzi ta Maore take da fari,
Aka ɗauke ta zuwa Moroni, wani gari,
Albashi ya bi ta, aka bar su a garari,
Mata suka ɗaura ɗamarar hanawa.

Zena Mdere ce a gaba, ta ja zuga,
Ba su ɗau adda ba, ba su ɗau bindiga,
Cakulkuli suke wa jami'in Moroni har ya ruga,
Ya koma jirgi ba ya waiwayawa.

A Disambar da ka ambata, su sun ce a'a,
Kashi 63 na masu jefa ƙuri'a,
A 1976 aka sake tambayar jama'a,
Fiye da 99 suka ce ba ma fitowa.

Sannan a 1997 Nzuwani ta ɓalle,
Ta roƙi Faransa ta karɓe ta lalle,
Faris ta ƙi, ƙofa ta kulle,
Wa zai zargi Maore da ƙin komawa?

Tsohon Ɗalibi, Maraɗi

Hajiya, Malam, ku gafarce ni in yi bayani kafin in yi baiti, don maganar nan ta taɓa ni. Lokacin da nake karatu a Hartum, ɗakinmu ɗaya da wani yaro ɗan Nzuwani. Gwangwanin madara gare shi cike da kanumfarin gonar mahaifiyarsa, yana ɓoye shi a ƙasan akwati, sai daren Juma'a yake jefa ƙwaya uku a shayi. Yayarsa na aure a Maore. Kilomita 70 ne kacal tsakani, ya ce in gari ya washe daga can ana hango duwatsun Nzuwani. Amma tun 1995, zamanin firaministan Faransa Baladur, sai da biza ake ƙetarawa, kuma talaka ba ya samunta. Shi ya sa ake shiga kwasa-kwasa, ƙananan kwale-kwale masu inji, cikin dare. Wani rahoton majalisar dattawan Faransa na 2012 ya ƙiyasta mutum 7,000 zuwa 10,000 ne suka halaka a wannan hanya. Ɗan baffansa na cikin waɗanda suka shiga ba su fita ba. Ni da nake zuwa Jibiya gaida kakata, na san zafin layin da Bature ya ja, amma namu layin a tudu yake, ba ya cin mutum haka.

Hajiya na ji hujjarki, ban ƙi ba,
Amma ruwan nan gawa yake tarawa.

Jiya hanya ce ta biki da ta suna,
Yau kabari ne da ba a ziyartawa.

Mai ciki ta hau, ta riƙe ƙullin kaya,
Asibitin Mamuzu na Maore take nufawa.

An kashe fitila don gudun jandarma,
Igiyar ruwa ba ta tausayawa.

Abokina ya zuba shayi bai sha ba,
Har ya huce yana ta kallon tagar kwanawa.

Ya ce da ni: uwa ɗaya ta haife mu,
Takarda ta ce ni da Yaya ba ma gamuwa.

Ɗan Tsangaya, Gusau

Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci. Yaya Hajiya, kin ji ko?

Yaya, ga abin da nake gudu,
An mai da 'yan'uwa arewa da kudu,
A 2011 Faransa ta ƙara ɗaure kundu,
Jiha ta 101 ta yi mata naɗawa.

Masallacin Tsingoni na Maore tun 1538,
Yana kiran salla, yana nan daram da ƙwas,
Kafin Faransa ta kafa tuta a gabas,
Da wace taswira za a yi masa gogewa?

Uwargida, Kaduna

Amin. Ɗana na Maraɗi, ka sa ni hawaye. Ban janye maganata ba, amma ga abin da ya rage a raina.

Ban ce bizar nan adalci ce ba,
Ban ce ran ɗan Nzuwani ba rai ba ne ba,
Na ce wanda aka tambaya bai yi shiru ba,
Ba a yi wa mace auren tilastawa.

Ita ma Maore ba ta huta ba yau,
Ruwan famfo kan ɗauke, ga talauci ƙatau,
A duk jihohin Faransa ita ce a baya tsaf dau,
Hannunka dai ba ya ruɓewa ka yi yankewa.

Tsohon Ɗalibi, Maraɗi

Ranar 14 ga Disamba, 2024, guguwar Shido ta faɗa wa Maore, ta share unguwannin gidajen kwano. Da yawa daga marasa takarda sun ƙi zuwa mafaka don tsoron kamu. Na nemi abokina a waya.

Na kira shi da dare, ya ɗauka da sauri,
Ya zaci Yaya ce take kirawa.

Kwana tara yana zaune a bakin teku,
Wayar na hannu, layin ba ya shigewa.

Rana ta goma muryarta ta iso shi,
Rufin ya tafi, yaran suna numfasawa.

Ta ce ka gaida Inna, ka ce mun tsira,
Ya ce ina zuwa, ta ce kar ka yi hawowa.