Man giyar mota mai canja giya da kanta: mu ce masa "jan man giya"

1/ 'Yan uwa, ina neman shawararku kan suna guda. Marsandin mahaifinmu, 300D ƙirar W123 mai shan gas, irin waɗanda aka ƙera daga 1976 zuwa 1985, ta fara barin jan tabo a ƙasa duk inda ta kwana. Giyarta mai canjawa da kanta ce. Na aiki yaro ya sayo "man giya", ya dawo min da mai kauri, mai lamba 90, wanda ake zuba wa aksul na baya. Yaron bai yi laifi ba, abin da na faɗa ya sayo. Da an zuba shi, da giyar ta tashi aiki.

2/ Matsalar ke nan: suna ɗaya muke kiran mai iri biyu. Mai kaurin nan shafa wa haƙoran ƙarfe kawai yake yi. Wanda Turawa ke kira ATF kuwa ruwa-ruwa ne, aikinsa ya fi shafawa. Shi ke ɗauko ƙarfin inji ya miƙa wa giya, shi ke danna kulocin da ke ciki, shi ke bi ta bututu zuwa lagireto ya huce ya dawo. Idan ya ragu sai ka ji mota na jinkirin shiga giya, inji na kuka amma ba ta ja. Makanikai na ce masa etiyef, wasu Dexron, sunan da kamfanin General Motors ya fitar a 1967. To amma dattijon da ya je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ko Panteka, haruffa uku na Turanci ba sa zama a bakinsa.

3/ Da farko na ce "jan mai", tunda muna da baƙin mai na inji. Ogan garejinmu ya girgiza kai: "Alhaji, ka aiki yaro da wannan suna, manja zai kawo maka." Gaskiyarsa. Shi ya sa na ƙara kalma ɗaya: jan man giya. Ɗaya kuma ya zama man giya mai kauri.

4/ Wani ya ce ai idan ya tsufa ba ja ba ne, ruwan ƙasa yake komawa, har da ƙauri. Haka ne. Amma baƙin mai ma sabonsa kamar zuma yake, kuma ba wanda ya taɓa ruɗewa. Jan ma rini ne da kamfani ke sakawa da gangan don a bambance shi da man inji idan ya zuba. Sunan yana koya wa mai mota abin da zai duba a ƙasa da safe.

5/ Ita yoyo ba ta buƙatar aro, muna da kalmominmu. Naso shi ne jikin giya ya jiƙe amma ƙasa a bushe. Ɗiga, ka ga tabo. Zuba kuwa, kada ka tayar da motar. Tamu ɗiga ce. Oga ya sa aka wanke ƙasan tas, aka zagaya da ita, sannan ya shiga rami. Fakin farantin ƙasan giya, wato robar da ke hana mai fita ta bakin farantin, shi ne ya bushe saboda shekaru da zafi, ga kuma wanda ya taɓa ɗaure kusoshin fiye da kima har bakin farantin ya lanƙwashe. Aka miƙar da shi, aka sa sabon faki da filta. Mun yi sa'a ba sil ɗin gaba ba ne, wato zoben robar da ke tare mai ta ɓangaren inji, don shi sai an sauke giyar ɗungurungum. Faki da sil a bar su, sun riga sun zama namu.

6/ Awonsa ma daban yake da na baƙin mai: mota a fili mai daidai, inji na aiki, ya yi zafi, giya a kan P, wato wurin ajiye mota.

7/ Ku da ke Maraɗi da Damagaram, me makanikanku ke ce masa? Idan akwai sunan da ya riga ya kama baki a can, shi zan ɗauka in bar nawa.