Kaluluwa ta fito min bayan sankarar mama, barci ya gagare ni

Assalamu alaikum. Shekara 2 ke nan da aka yi min aikin sankarar mama ta hagu. Yanzu kaluluwa ta fito min a wuya, kamar kan ɗan yatsa, tana da tauri, ba ta ciwo. Likita ya ce ƙila mura ce, ya ba ni magani, na shanye, tana nan daram. An yi sikanin, an ce sai an ɗebi nama an gwada, nan da kwana 10.

Jiran nan shi ne ya fi ƙarfina. Na daina bincike a intanet, ina ta addu'a, amma hannuna kullum yana wajen, har fatar ta yi ja. Ƙarfe 3 na dare idona biyu.

'Yan'uwa da kuka taɓa irin wannan jira, da me kuka samu barci?